Turakun Siminti Ba Za Su Tsare Duwatsun Mandara Ba

A taswira, iyakar Nijeriya da Kamaru layi ne guda da ya taso daga Tafkin Chadi ya gangara har bakin teku, tsawon kusan kilomita 2,000. A duwatsun Mandara kuwa, daga Gwoza zuwa Mubi, layin ya ratsa tsakiyar dangi ne. Mutanen da ake kira Kamwe ko Higi a Michika su ne Kapsiki a wajen Mokolo, kuma ƙabilar Mafa na zaune a ɓangarorin biyu.

Asalin layin sananne ne. Bayan Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka raba Kamaru a 1919. Yarjejeniyar Thomson da Marchand ta 1929 zuwa 1930 ta fayyace rabon, inda a wurare da dama ta bi doron dutse, wato inda ruwan sama ke rabuwa, wani ya gangara gabas, wani yamma. Wannan dabara ta yi wa mai zane a ofis sauƙi, amma ba ta yi la'akari da manomin da gonarsa ke gefe ɗaya, rijiyarsa da surukansa na ɗaya gefen ba. Ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗa Arewacin Kamaru na Ingila da Nijeriya, layin ya zama iyakar ƙasashe biyu masu 'yanci. A 2002 Kotun Duniya ta tabbatar da shi, aka kafa hukumar haɗin gwiwa mai kafa turakun siminti.

Turakun sun kashe gardamar gwamnatoci, kuma wannan nasara ce. Sai dai Abuja da Yawunde sun daɗe suna ɗaukar duwatsun a matsayin bayan gida, wurin da hanya, asibiti da makaranta ke isa a makare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Agustan 2014 Boko Haram ta ayyana Gwoza a matsayin daularta. Sojoji sun ƙwato garin a Maris 2015, amma mayaƙan suka maƙale a kogunan dutse, suna kai hari a ƙasa ɗaya su fake a ɗayar. Dubban mazauna yankin suka tsere zuwa sansanin Minawao a Kamaru.

Rufe iyaka ba magani ba ne. Mai bindiga ya san kowace ɓarauniyar hanya. Mai ɗauke da buhun dawa zuwa kasuwa shi ne ake tarewa a shinge. Abin da ya kamata shi ne ƙasashen biyu su riƙi Mandara a matsayin yanki ɗaya: sintiri tare, takardar shige da fice mai sauƙi ga mazauna bakin iyaka, kasuwanni a buɗe, da hanyoyin mota da ke hawa har ƙauyukan kan dutse. Mazaunin da ya ga amfanin gwamnati a ƙauyensa shi ne zai fara kai rahoton baƙon da bai yarda da shi ba.