Gurgu Ma Ɗan Makaranta Ne

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so in yi 'yar magana a kan yaran da shan-inna ta shanye wa ƙafa. A 2020 aka yi shelar Afirka ta rabu da asalin wannan cuta, amma waɗanda ta taɓa kafin nan suna nan a Azare da ƙauyukan ƙasar Katagum, ga su sun kai munzalin sakandare.

Abin da na gani wajen gwajin koyarwa bai yi mini daɗi ba. Yaro ya turo kekensa cikin rairayi tun da sassafe, ya makara, a tsare shi a ƙofa tare da malalata. Ajinsa da matakala, sai an ɗauke shi. Lokacin wasa a ba shi gadin jakunkuna. Sunansa na yanka ya ɓace, sai "Gurgu" kawai. To, ina zuciyar da za ta jure wa wannan kullum?

Ruwa ba ya tsami banza. Ban ce duka suna lalacewa ba, da yawa sun fi mu haƙuri. Amma wanda makaranta ta ƙi, tasha takan karɓe shi, can kuwa akwai mai miƙa masa burkutu ko ƙwaya, ya ce, "Sha ka manta." Jihar Bauchi ta hana giya da Shari'ar 2001, gwamnatin tarayya kuma ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Madalla. Sai dai doka mashaya take rufewa, ba ta warkar da ɓacin rai.

Dokar hana wariyar naƙasassu ta 2019 ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuwa ya cika a 2024. Mu dai kada mu zauna jiran siminti. Kira yaro da sunansa. Mai da ajinsa ɗakin da ba matakala. Ba shi monita in ya cancanta. Ran da ka ga ya yi shiru, ka tambaye shi a keɓe, ba gaban 'yan aji ba.

Mai shakkar amfaninsu ya tuna wasannin Rio na 2016: naƙasassunmu sun ciwo zinariya 8, masu ƙafafu kuwa tagulla guda suka kawo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu zama malaman kirki, amin.