Yadda aka zana Kano daga Amstadam



Ko kun san sunan Kano yana cikin taswirorin Turawa fiye da shekara 350 da suka wuce? A 1662 wani mutumin Holan mai suna Joan Blaeu ya buga katafaren kundin taswira a birnin Amstadam, mai suna Atlas Maior, juzu'i 11, taswira kusan 600. A shafin da ya nuna yankinmu akwai Cano da Cassena da Zegzeg da Zanfara da Guber, wato Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir.

Aikin ba na wasa ba ne. A kan farantin jan ƙarfe ake sassaƙa kowane layi da kowane harafi, kuma a juye, kamar yadda ake sassaƙa hatimi. Sai a shafa tawada, a danne takarda a kai, sannan a bi da launi da hannu.

To, amma Blaeu bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Yawancin sunayen sun samo asali ne daga littafin Alhasan Alwazzan, mutumin Fas da Turawa ke kira Leo Africanus, wanda aka buga a Italiya a 1550. Ya ce Kogin Kwara yamma yake gangarawa, masu taswira kuwa suka yi ta kwafar juna, suna kai kogin teku ta Senegal. Sai a 1796 Mungo Park ya gan shi a Segu yana tafiya gabas, a 1830 kuma 'yan'uwan nan Lander suka bi shi har inda ya faɗa teku a kudancin Najeriyar yau. Masuntan da ke bakin kogin sun daɗe da sanin inda ruwansu ya nufa, ba a dai tambaye su ba.

Yanzu ma abin bai canza sosai ba. Mu buɗe taswirar waya mu duba Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Titin Zariya zai fito sarai, da tasha, da Asibitin Malam Aminu Kano. Amma ina sunan lungunmu? Ina kwatar da ke cika ta shiga gidaje duk damina? Mai tsara magudanar ruwa daga ofis, abin da ke kan takarda yake gani, wanda babu kuwa sai ya tsallake shi.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya ɗauki fensir ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta, ya nuna arewa, ya ƙirga taku don auna nisa, ya tambayi dattawan unguwa ainihin sunan kowane layi. A nuna wa malamin jogarafi ya duba. Muna da abin koyi: a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Clapperton taswirar ƙasarsa a Sakkwato, aka buga ta a Landan a 1826.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.