"Zauna, Baba": Ladabin da Ke Ɗaure Ƙafafun Tsofaffinmu

Duk wanda ke sallar Juma'a a masallatan Nima ko na Aboabo ya ga yadda kujerun roba ke ƙaruwa a gefen sahu. Masu zama a kansu iyayenmu ne da kakanninmu, zuriyar fataken da suka taka sayyada daga Kano har Salaga neman goro, amma yau gwiwa ta hana su kai goshi ƙasa. Mukan ce tsufa ne, mu wuce. Tsufa ne kam, sai dai da hannunmu a ciki.

Da zarar uwa ta yi suruka, an karɓe mata tsintsiya da muciya. Tsoho ya yunƙura zai ɗauko buta, yara uku sun zabura: "Zauna, Baba, bari a kawo maka." Tarbiyya ce mai kyau, ba ma fatan ta gushe. Amma gaɓar da ba a lanƙwasawa sandarewa take yi, cinyar da ba ta ɗaukar nauyi kuma saki take yi, har ranar da santsin banɗaki zai kayar da mutum, ƙugu ya karye, kwanciya ta kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi mutuwa sanadiyyar faɗuwa, ta kuma shawarci 'yan shekara 65 zuwa sama da su riƙa atisayen ƙarfafa jiki da daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako.

A nan ne maganar yoga ta shigo, kalmar da wasunmu kan yamutsa fuska idan sun ji ta. Ba za mu yi rufa-rufa ba: daga Indiya ta fito, saiwarta kuma tana cikin addinan can. Akwai mantarorin da ake rerawa, akwai jerin motsin da sunansa ma gaisuwar rana. Saboda haka ne majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi ita a 2008. A 2009 malaman Indunusiya suka rarrabe: wadda aka gauraya da al'adun bauta haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla ba laifi. Saudiyya kuwa ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Mu dai ra'ayin Indunusiya ya fi kwanta mana, domin masussuka ce aka yi, aka sheƙe ƙaiƙayi aka bar tsaba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, malaminsa na kusa, kuma ba dole sai ya kira abin da wannan suna ba.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne hanyar B.K.S. Iyengar, malamin yoga na birnin Pune, wanda ya taso yaro mai yawan laulayi, ya rasu a 2014 yana da shekara 95. Shi ya shahara da shigo da kujera da igiya da bargo da guntun katako, don mai rauni ya jingina. Ashe ba a bukatar tsohuwa ta naɗe ƙafa a wuya kamar yadda muke gani a hotuna. Ta zauna a bakin kujera ta miƙe ba tare da dafawa ba, sau biyar, gobe sau shida. Ta dafa bango ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta ƙirga goma. Ta juya idon sawu, ta ɗaga hannuwa sama tana jan numfashi a hankali ta hanci. Minti goma sha biyar bayan hantsi ya isa. Mai hawan jini ko hawan ido ya guji sunkuyar da kai ƙasa na tsawon lokaci, mai raunin ƙashi kada ya matsa wa bayansa, kowa kuma ya fara jin ta bakin likita.

Za a ce ai salla ma motsa jiki ce. Salla ibada ce, ba don gwiwa aka farlanta ta ba; kuma wanda ya riga ya koma kujera ya rasa wannan ruku'u da sujadar da ake magana. Burinmu ma ai shi ne ya daɗe yana yin su.

Sauran tambaya ita ce wa zai sa su. Ɗa ba zai ce wa mahaifinsa "ɗaga ƙafa" ba, suruka kuwa kunya ba za ta bar ta ta ko ɗago ido ba. Amma akwai mai lasisi a kowane gida: jika. Yarinyar da kaka ke kira kishiya, da yaron da take kira maigida, su kaɗai ke iya ce mata raguwa ta yi dariya, ta tashi don ta ƙaryata su. Tsakar gidan haya a zango ƙunci gare ta, mun sani, amma kujera ɗaya da bango ba sa cin wuri, jikan kuma yana dawowa daga makaranta kafin la'asar.