Kafin a tayar da majinyaci, a duba ledar magungunansa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wani al'amari da ya faru a kan idona bara, lokacin da nake kai kawuna wani asibiti domin gashin ƙashi, bayan ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Rannan ma'aikacin ya tayar da shi daga kan gado, ko taku biyu bai yi ba jiri ya kwashe shi, kuma ba don Allah Ya sa ina riƙe da kafaɗarsa ba, da a sashen karaya za mu kwana. Sai daga baya aka gano cewa kwana uku kafin nan likita ya ƙara masa maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Ba a rubuta wannan a takardar da muke zuwa da ita ba, ba a tambaye mu ba, mu ma ba mu san ya kamata mu faɗa ba.

Mai karatu, likitan gashin ƙashi da jiki yake aiki, jikin nan kuwa cike yake da magani. Maganin hawan jini kan sa jini ya sauka farat ɗaya idan mutum ya miƙe tsaye. Mai shan atenolol ko propranolol bugun zuciyarsa ba ya hawa yadda aka saba ko da ya jigata, saboda haka wanda ya dogara da ƙirga bugun zai zaci bai gaji ba, ya ƙara masa aiki. Mai ciwon sukari da ya haɗiyi glibenclamide ko ya yi allurar insulin, ya yi sammako bai karya kumallo ba don kada layi ya wuce shi, zai iya sumewa a kan keken motsa jiki. Hatta baclofen da ake bayarwa don sassauta gaɓoɓin da suka ƙage, wani majinyacin da wannan ƙagewar yake iya tsayuwa, idan ta saki da yawa sai gwiwa ta lanƙwashe.

Waɗannan ma likita ne ya rubuta su. Ina ga waɗanda muke sayowa a kemis? A ƙasar nan da zarar zazzaɓi ya kwana biyu sai a ce taifot ne, a miƙo ciprofloxacin. Tun shekarar 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan wannan rukunin magani, cewa yana iya tsinka jijiyar agara, musamman ga wanda ya haura shekara 60 ko mai shan irin su prednisolone da dexamethasone. Su kuwa waɗannan, da wasu mata ke afawa don su yi ƙiba, suna raunana ƙashi da naman cinya idan aka daɗe ana sha. Ga kuma tramadol da diclofenac, masu rufe zafin da likita ke auna iyakar miƙar da gaɓa da shi.

A Ingila tun shekarar 2013 aka ba likitocin gashin ƙashi da suka sami ƙarin horo izinin rubuta magani. Ni ban ce mu yi gaggawar kwaikwayonsu ba, domin masu rubuta magani a nan, da masu izini da marasa shi, sun riga sun yi mana yawa. Abin da nake nema bai kai haka tsada ba. Hukumar da aka kafa a 1988 don kula da masu wannan sana'a ta sa sabunta ilimin magunguna cikin sharuɗɗan sabunta lasisi. Likitan da zai tura majinyaci kuma ya jera abin da yake sha da lokacin shansa, ya daina rubuta layi ɗaya ya sa hannu. Mu kuma 'yan jinya mu riƙa zuwa da ledar gaba ɗaya, har da jiƙe-jiƙen gida da muke jin kunyar ambata.

Kawu dai yanzu sai ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci, an auna jininsa a kwance da kuma a tsaye, kafin a miƙa masa sanda. An kuma sake masa lokacin shan wancan magani, bayan da likitocin biyu suka yi magana ta waya, maganar da ba ta kai minti biyar ba.