Mizanin da Babu Halal da Haram a Kansa

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, mun saba jin iyaye na kuka da wasannin bidiyo na harbi da kisa, kuma kukan nasu yana kan hanya. To amma akwai wani nau'i da ya fi waɗannan shiga zuciya, shi ne wasan da ke zuwa da rigar wa'azi, yana cewa zai gwada ɗabi'ar mai buga shi. Misalin da za mu ɗauka shi ne wasan Catherine, wanda kamfanin Atlus na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 2011 a kan na'urorin PlayStation 3 da Xbox 360, sannan aka sabunta shi a 2019 da sunan Catherine: Full Body. An zana shi da salon katun ɗin Japan da ake kira anime, abin da kan sa uba ya hango allo daga nesa ya ce ai wasan yara ne, alhali hukumar tantance wasanni ta Amurka ta keɓe shi ga 'yan shekara 17 zuwa sama.

Labarin na wani ne mai suna Vincent, ɗan shekara 32, wanda ya daɗe yana tare da budurwarsa Katherine ba aure. Da ta fara maganar aure, har ta ce tana jin tana da ciki, sai tsoro ya kama shi. A wata mashaya da yake kwana yana sha da abokai ya haɗu da wata yarinya mai suna Catherine, ya ci amanar ta farko da ita. Kullum dare kuma sai ya yi mafarki yana hawan wata doguwar hasumiya ta tubala, yana ja yana turawa domin ya samu matattakala, ƙasan tana rushewa a bayansa. Sauran mazan da ke hawa tare da shi suna bayyana da siffar tumaki, kuma duk wanda ya faɗo a mafarki gawarsa ake tsinta da safe.

Adalci ya wajaba ko ga abin da muke suka. Hawan tubalan nan wasa ƙwaƙwalwa ne na gaske mai buƙatar lissafi da haƙuri, kuma masu wasan sun iya nuna yadda laifi ke cin mai shi, yadda yake ƙarya a kan ƙarya, yana firgita da ƙarar wayarsa. Da a nan suka tsaya, da maganarmu ta yi gajarta.

Matsalar tana wurin awo. Tsakanin hawa da hawa, ana shigar da Vincent wani ɗaki irin na ikirarin zunubi a coci, a yi wa mai buga wasan tambaya game da aure, ko amana, ko sha'awa. Amsarsa, da irin saƙonnin da yake aika wa matan biyu ta waya, su ke karkata allurar wani mizani. Gefe guda na mizanin ana kiransa tsari, ɗaya gefen 'yanci. Mai karatu ya lura da kyau: babu halal a kai, babu haram. Wanda ya karkata ga tsari zai iya ƙarewa da auren Katherine. Wanda ya karkata ga 'yanci zai iya ƙarewa da Catherine, wadda daga baya ta bayyana shaiɗaniya ce, har ya bi ta duniyar shaiɗanu ya zama sarki a can, kuma wasan yana lissafa wannan cikin kyawawan ƙarshe. Ƙarshe 8 ne a fitowar farko, suka koma 13 a ta 2019. Hatta gefen da ake kira tsari, zaman shekaru ne ba aure, wanda labarin bai taɓa ɗauka laifi ba. Ashe zaɓin da aka miƙa wa yaronmu tsakanin zina ne da zina, alhali aya ta 32 a Suratul Isra'i ko kusantarta ta hana.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne abin da ke biyo bayan amsar. Idan na'urar tana haɗe da intanet, sai a nuna wa mai wasa yadda sauran jama'a suka amsa tambayar, kashi kaza sun ce haka, kashi kaza sun ce haka. Babu malami, babu nassi, sai ƙidayar kawuna. Yaron da ya kwana goma yana auna kansa da wannan ma'auni ya koyi darasi ba tare da an karanta masa ba, cewa daidai shi ne abin da ya dace da halinka, ko abin da mafi yawa suka zaɓa. Aya ta 116 a Suratul An'am ta riga ta yi mana gargaɗi game da bin mafi yawan mutanen ƙasa. A ƙarshen labarin kuma, waɗanda ke gudanar da wannan hisabi na mafarki su ne Dumuzid da Ishtar, gumakan mutanen Iraƙi ta dā. Wato hukunci a kan amanar aure an danƙa shi a hannun abin da Annabawa suka zo rushewa.

Sai dai kada mu wanke kanmu. Tsoron aure da ya kama Vincent yana nan cikin samarinmu, kuma mu muka ƙara masa nauyi da lefe da gara da bukukuwan da shari'a ba ta ɗora wa kowa ba. Saurayin da ya kai shekara talatin yana tara kuɗin akwati, idan ya ga wannan labari zai ga kansa a ciki, kuma a nan haɗarin yake.

Saboda haka muna kira ga iyaye su riƙa duba alamar shekarun da ke jikin kwalin kowane wasa kafin ya shiga gida, su kuma zauna su ga abin da ke cikinsa. Muna kira ga masu gidajen wasa a unguwanninmu su ji tsoron Allah game da abin da suke sa wa yara. Malaman Islamiyya kuwa, muna ba su shawara su ɗauki irin tambayoyin nan na aure da amana su kawo su aji, su bar ɗalibai su amsa da bakinsu, sannan a buɗe littafi a duba tare.