Tiyatar Rage Ƙiba: Kuɗin da Ba Ya Cikin Takardar Asibiti

Tallar tiyatar rage ƙiba ta iso wayoyinmu, har da Hausa. Kullum hoto biyu ne, na kafin aiki da na bayan wata shida, sai lambar dillalin da zai haɗa mutum da asibiti a Alƙahira ko Istanbul ko Indiya. Farashi ɗaya ake faɗa da dala, a ce ya haɗa kuɗin aiki da gado da masauki. Ban ce adadin ƙarya ba ne. Matsalata da shi ita ce lissafin yana tsayawa ranar sallama, alhali mai tumbin zai yi ta biya muddin ransa. Idan kuwa gidansa a Ruwan Godiya yake, ko wani gari na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, nasa lissafin ya fi na mazaunin Abuja tsawo.

Wani zai ce wa ke ta ƙiba a yankin da tamowa ke cin yara? Da gaskiyarsa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina a watanni shida na farkon 2025 saboda rashin abinci mai gina jiki. Amma a garuruwan nan akwai 'yan kasuwar hatsi da na shanu, akwai iyaye mata da ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa suka zaunar, kuma ana samun ɗa mai hali a Kaduna da zai ce, "Hajiya, ki shirya mu kai ki a yi." Saboda irin wannan Hajiyar nake wannan lissafi.

Aikin iri biyu ne aka fi yi. A na farko, wanda ya fi yawa a duniya yanzu, ana yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi, a bar siririn bututu da ba ya ɗaukar fiye da ƙaramin kofin shayi. Abin da aka cire ya tafi ke nan. A na biyu, wanda likita Edward Mason ya fara a jami'ar Iowa ta Amurka cikin shekarun 1960, ana ware ɗan aljihu a saman tumbi a haɗa shi da hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Shi aka yi wa ɗan ƙwallo Maradona a Kolombiya a 2005, aka sake yi masa wani aikin bayan shekara goma da ƙibar ta dawo.

Layin farko da ba a rubutawa shi ne ƙwannafi. Tumbin da aka matse ba ya buɗewa, don haka abin da ke ciki sama yake neman hanya, ga shi yankan kan raunana bakin da ke hana ruwan tumbi komowa maƙoshi. Wannan ba zancen shaci-faɗi ba ne. A Suwizalan an bi mutum 217 na tsawon shekara biyar, aka buga sakamakon a 2018: ƙwannafi ya ƙaru ga kusan kashi 32 cikin 100 na waɗanda aka yanke wa tumbi, amma kashi 6 kacal cikin waɗanda aka yi wa tsallaken. A Finland an bi wasu shekara goma: kashi 31 na masu yankan an same su da kumburin maƙoshi, kashi 64 kuma suna kan maganin kashe zafin ciki irin su omeprazole. Wato mutum biyu cikin uku sun rabu da teɓa sun ɗauko ƙwayar da ake sha kullum da safe.

A lura da yadda abin yake da dare. A gidajenmu bayan Magariba ko Isha'i ake cin tuwo, a ɗan taɓa hira, a kwanta. Mai wannan larura ba shi da wannan damar. Sai ya ba da tazarar wajen awa uku tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya, ya sa bulo ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, ya kwanta ta hagu. Ranar da ya yi sakaci, tsakar dare ruwa mai tsami zai taso masa har hanci, ya farka yana tari, da safe murya ta dushe. Idan aka daɗe a haka fatar maƙoshin kan canza, shi ya sa ake so a riƙa zura na'urar leƙa ciki lokaci-lokaci ko da mutum ba ya jin komai. Wannan na'ura sai an je Zariya ko Kano ko Katsina. Wanda kuma magani ya kasa yi masa aiki, abin da ya rage shi ne tiyata ta biyu, a mai da yankan ya koma tsallake, da sabon kuɗi da sabon haɗari. Shan kanwa da muka saba ba zai fid da shi ba, ga shi kuma mai hawan jini ba abokin kanwa ba ne.

Sai abinci, kuma nan ne takardun da ake ba marasa lafiya a ƙasashen waje suka fi nisa da mu. An rubuta su ne don mai firji da wutar da ba ta ɗaukewa. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, sai abin da aka dama, sai mai laushi. Bayan nan ana so mutum ya samu aƙalla giram 60 na furotin a rana, ya fara cinye shi kafin ya taɓa wani abu: ƙwai, kifi, kaza, wake, nono. Abincinmu kuwa tuwo ne gaba, nama ɗan rakiya. Loma uku ta tuwon masara ta cika wannan tumbin, ba ta bar wa komai wuri ba. Busasshen nama, tsire da kilishi, da shinkafa da burodi, su ne suka fi tsaya wa mutane a ƙirji. Yaji da man gyada mai yawa da shayi mai kauri da goro duk suna iya tayar da ƙwannafin. Fura da kunun da aka zuba wa sukari kuma, musamman ga mai tsallake, kan zarce hanji da gudu, cikin rabin awa sai zufa da jiri da bugun zuciya da zawo, wani kuma bayan awa biyu sugansa ya faɗi ya kama makyarkyata.

A duba Hajiya a gidan suna. An ajiye mata langa cike da waina da miyar taushe, uwar gida na tsaye a kanta: "Yaya, ai ba ki ci komai ba, ko mun yi laifi ne?" Kunya ta sa ta ƙara loma biyu ba ta tauna sosai ba. Nan da nan abu ya tokare ta a ƙahon zuci, yawu ya cika baki, ta miƙe ta zaga bayan ɗaki. Kafin ta dawo an fara raɗa cewa wata cuta ce take ɓoyewa, tunda ga rama ga amai. Wannan ma biya ne, kuma a wurinmu da cin abincin mutum yake nuna ƙauna, ba ƙarami ba ne.

Ruwa ma ba a kwankwaɗarsa. Kurɓa ake yi yini guda, ba kuma tare da abinci ba. A zafin Afrilu, ga mai zuwa gona ko kasuwa, rashin ruwa a jiki ba wuya. Azumi kuwa likitoci kan hana shi a watannin farko, bayan nan ma buɗa-baki da sahur sai an yi musu sabon tsari.

Akwai magungunan da ba ranar daina su: bitamin B12, sinadarin ƙarfe na ƙarin jini, kalsiyam, bitamin D, da awon jini a kai a kai don a san abin da ya yi ƙasa. Omeprazole ɗin da ake sha don ƙwannafi shi ma yana rage yadda jiki ke tsotse wasu daga cikinsu. Wanda ya yi ta amai makonni ba a kula ba, ƙarancin bitamin B1 na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa da tafiya. Magungunan ciwon jiki da kowane kemis ke miƙawa, irin su diclofenac da ibuprofen, sun zama haramiyarsa domin suna huda gyambo a wurin ɗinkin. Rama da sauri kan haifar da tsakuwa a matsarmama. Mace ana so ta dakata da ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma wannan magana ce da dole a yi ta da maigida tun kafin a sayi tikiti. Duk waɗannan da naira ake biyan su, nairar da ta zube tun 2023.

Layin da ya fi tsada shi ne nisa. A manyan asibitoci mutuwa a wannan tiyata ba ta kai mutum 1 cikin 100 ba, amma wannan adadin na inda likitan yake kusa ne. Idan ɗinki ya yi yoyo, alamarsa zazzaɓi da saurin bugun zuciya da ciwon kafaɗar hagu, kuma magana ce ta awoyi. Toshewar hanji na iya zuwa bayan shekaru: ita ta kashe mawaƙiya Lisa Marie Presley a 2023, a Amurka, kusa da asibiti. To ina ga wanda ciwo ya kama da sha biyun dare a hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, inda 'yan bindiga suka sa ba direban da zai fito kafin gari ya waye? Sai ya kai Funtuwa, daga can a tura shi asibitin koyarwa na Shika. Dillalai kan ce likita zai ci gaba da duba mutum ta WhatsApp. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, aka kwashe watanni a haka.

Ba na musun amfanin aikin. Binciken da aka fara a Suwidin a 1987 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata sun fi waɗanda ba a yi wa ba tsawon rai, kuma ciwon suga yana lafawa ga mutane da yawa. Wanda ƙiba ke neman hallaka shi, an gwada tsarin abinci da magani an kasa, yana kuma da inda zai zauna kusa da asibitin koyarwa a watannin farko, wannan ya cancanta, kuma zan ƙarfafa masa gwiwa. Wadda kuwa hoton talla ya ja, ko gorin kishiya, ina roƙon ta da ta dakata.

Wanda ya yanke shawarar tafiya, ya nemi a leƙa cikinsa da na'ura kafin a taɓa shi, a gwada shi ƙwayar cutar da ke kawo olsa, wadda ta yi yawa a Arewa. Idan dama yana da ƙwannafi, ya faɗa wa likita da bakinsa, domin yawanci tsallaken ne ya fi dacewa da shi, ba yankan da dillali ya fi son sayarwa ba. Ya samu likita a Zariya ko Kano da ya yarda zai riƙa duba shi tun kafin ya hau jirgi. Kada kuma ya baro asibitin sai da cikakken rahoton aikin a rubuce da Ingilishi, ya yi kwafi, ɗaya a jakarsa, ɗaya a hannun wanda zai ɗauke shi zuwa Funtuwa idan ta ɓaci.