Gidajen tsofaffi a Faransa: wa zai juya tsohuwa cikin dare?

A watan Janairu na 2022 wani ɗan jarida na Faransa, Victor Castanet, ya fitar da littafi mai suna Les Fossoyeurs, wato masu haƙa kabari. Shekara uku ya yi yana bincike a kan Orpea, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da ke da gidajen kula da tsofaffi, waɗanda Faransawa ke kira EHPAD. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne labarin wani gida a Neuilly-sur-Seine, unguwar masu hannu da shuni a gefen Paris, inda a lokacin ɗaki mafi araha yake kai Euro 6,500 a wata, sama da miliyan 4 na sefa. A wannan gida, in ji ma'aikatan da suka ba da shaida, kush uku ake ƙidaya wa tsoho a kwana ɗaya. In ya ɓata nasa kafin lokaci, sai ya zauna cikin ƙazanta yana jira.

Na san abin da wasunmu za su ce: Allah ya ƙara, ai su ne masu kai iyayensu gidan haya. Mu ajiye wannan tukuna. Mutum wajen 600,000 ke zaune a gidaje kusan 7,500 a Faransa, da yawansu sun haura shekara 85, wasu ruɗewar tsufa ta kama su har ba su gane ƴaƴansu, ƴaƴan kuma su kansu sun manyanta. Tun da gidajen suna nan, abin tambaya shi ne yadda hukuma za ta tsare mutumin da ba ya iya kai ƙara da bakinsa.

Gwamnati ta tura masu bincikenta na ɓangaren kuɗi da na jin daɗin jama'a, rahotonsu kuma ya tabbatar da abubuwa da dama. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na ma'aikata. Kuɗin irin waɗannan gidaje kashi uku ne. Na magani da jinya asusun inshorar lafiya ke biya, na taimakon wanda ba ya iya yi wa kansa komai ƙaramar hukuma ta departema ke ɗaukar mafi yawansa, na ɗaki da abinci kuma tsohon ko danginsa. An gano cewa kamfanin yana sa ma'aikatan da ba su da takardar jinya suna aikin mataimakan jinya a matsayin riƙon ƙwarya, yana kuma biyansu daga kuɗin gwamnati. An nemi ya maido da Euro miliyan 55.8, wajen miliyar 36 na sefa, ya kuma amince. An kori shugabansa, asusun gwamnati na Caisse des Dépôts da abokansa suka karɓi ragamarsa a 2023, a 2024 ya canja suna zuwa Emeis.

Wani zai ce wanke tsoho da ba shi abinci ai ba sai an je makaranta ba. A nan ne nake ganin kuskuren yake. Tun daga 2021, takardar mataimakin jinya a Faransa tana buƙatar awa 1,540 na horo, rabi a aji, rabi a bakin gadon majinyaci. A can ake koyon cewa wanda ba ya iya motsi dole a riƙa juya shi bayan awa biyu ko uku, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da ta dunduniya ta mutu, gyambo ya buɗe har ya kai ƙashi. A can ake koyon cewa tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, sai an bi shi da ruwa ko bai nema ba. Faransawa sun ga haka da idonsu a zafin watan Agusta na 2003, da ya kashe mutum wajen 15,000, mafi yawansu tsofaffi. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki kuma, in aka ɗura masa kunu yana kwance, abincin yakan bi hanyar numfashi ya sauka a huhu. Mace mai tausayi da ba a koya mata waɗannan ba tana iya cutar da tsohuwa alhali da zuciya ɗaya take hidimar.

Sai dai takarda ita kaɗai ba ta juya kowa. Mai difloma da aka bar wa tsofaffi goma sha biyar ta shirya su kafin hantsi, dole ta yi ha'inci ko ba ta so. Tun a watan Mayu na 2021, kafin littafin ya fito, hukumar kare haƙƙin jama'a ta Faransa ƙarƙashin Claire Hédon ta nemi a kafa doka cewa kowane tsofaffi 10 su samu ma'aikata 8 aƙalla. Dokar tsufa da aka sa wa hannu ranar 8 ga Afirilu 2024 ba ta tilasta wannan adadi ba. Alkawarin ɗaukar ma'aikata 50,000 da aka yi, an ɗaga wa'adinsa daga 2027 zuwa 2030. Masu adawa da ƙayyade adadi suna da hujja: gidajen gwamnati da yawa suna cikin giɓin kuɗi, masu neman aikin sun yi ƙaranci, dokar da ba kuɗi a bayanta za ta sa a rufe gadaje. Gaskiya ne. Amma wannan hujja ce ta a ƙara albashi, a kuma buɗe wa masu riƙon ƙwaryar hanyar kammala horo suna kan aiki. Ban ga yadda ta zama hujjar barin kamfani mai neman riba ya yanke wa kansa yawan hannuwan da zai ɗauka ba, tun da albashi shi ne babban abin da yake kashewa, nan kuma zai fara tsukewa.

Batun sa ido kuwa, malamai sun fi kowa saninsa. Kotun binciken kuɗin ƙasa ta Faransa ta nuna a farkon 2022 cewa gida ɗaya yana iya yin shekara 20 zuwa 30 ba a bincike shi ba. Bayan abin kunyar, gwamnati ta ce za ta duba dukkan gidajen cikin shekara biyu, kuma ta kusan cika alkawarin, sai dai mafi yawan binciken a kan takardu aka yi shi, ba tare da an taka ƙafa cikin gidan ba. Duk malamin da ya taɓa jin cewa insipekta zai zo ran Alhamis ya san yadda ake share fili, a cika kundin darasi, a zaunar da yara masu ƙoƙari a gaba. Binciken da zai yi amfani shi ne na ba-zata, da ƙarfe uku na dare ko ranar Lahadi, a ƙirga ma'aikatan da ke tsaye, a ɗaga bargo a duba bayan tsohuwa. Abu ɗaya da na yaba wa dokar 2024 shi ne ta tabbatar wa mazaunin gida haƙƙin karɓar baƙo kowace rana. Ɗiyar da ke shigowa ba sanarwa takan ga abin da rahoto ba zai nuna ba.

Mu a Maradi da Damagaram da Tawa tsofaffinmu suna gida, muna kuma gode wa Allah. Amma jikin tsoho ɗaya ne ko'ina, gyambon kwanciya bai san Neuilly ko Tasawa ba. Wadda ke ɗauke da jinyar a gidajenmu sau da yawa suruka ce, ko jikanya ƴar shekara goma sha uku da malaminta ya lura ta fara fashin makaranta, kuma ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake ɗaga mutum ba tare da ta ji ciwon baya ba. Tsohuwar da ta ruɗe tana sambatu, a wasu wuraren har maita ake jingina mata. Makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu suna ta ƙaruwa a biranenmu, iyaye suna zuba kuɗi. Kafin uba ya biya, ya tambayi darakta awa nawa ɗiyarsa za ta yi a bakin gado, a wace likita, kuma wa zai tsaya a kanta. Ma'aikatan CSI kuma, duk ran da aka sallami tsoho mai shanyewar jiki, su kira wadda za ta yi jinyarsa a gida su nuna mata juyi da zaunarwa da ba da ruwa kafin a sa shi a mota.